Yawona a Maleshiya da Singafo: yadda suke rabon arziki don kar ƙabilu su sake yanka juna

Kwas ne na wajen aiki ya kaini Kwala Lumfur, wato KL kamar yadda kowa ke cewa a can, ba wani binciken tarihi ba. Amma da yake ana tashinmu da wuri kuma jirgin ƙasan cikin gari ba ya ba mutum wahala, sai yammaci ya zama lokacin yawo. Akwai wani malami ɗan uwa da ke digirin digirgir a jami'ar Musulunci ta Gombak, ya daɗe a ƙasar har yana jin yarensu, shi ya ɗauki nauyin zagayawa dani, kuma shi ya fara ja min kunne tun a jirgi, yace "ɗan uwa, duk abin da zaka tambaya ka tambaya amma maganar 13 ga Mayu ka rage murya."

Unguwar da ya fara kaini ita ce Kampung Baru. Wallahi in ba ka gani da idonka ba sai kace haɗa hoton akayi da kwamfuta. Gidajen katako ne a kan dirkoki, rufin kwano, ayaba a tsakar gida, kaji na kiwo, tsofaffi zaune a baranda da zani ɗaure a ƙugu, kana ɗaga kai kuma sai ga tagwayen benen Petronas mai hawa 88 tsaye a kanka kamar zasu faɗo maka. Gada ɗaya ce ta masu ƙafa, Saloma, ta raba ƙauyen da inda fili ya fi ko'ina tsada a ƙasar. Turawan Ingila ne suka ware wa Malayawa unguwar tun wajen 1900, lokacin garin kusan duk na Sinawa ne masu haƙar kuza da 'yan kasuwa, kuma har yau filayen a hannun jikokin Malayawan nan suke, gwamnatoci sun sha zuwa da tayin rushewa a gina benaye ana tashi baram-baram.

Muna zaune muna cin nasi lemak a wata rumfa Malam ya nuna min wani titi da haɓa, Jalan Raja Muda, yace nan gidan babban ministan jihar Selangor na lokacin yake, Harun Idris, kuma daga nan wutar ta tashi.

Abin da ya faru shi ne anyi zaɓe ranar 10 ga Mayu 1969, ƙawancen jam'iyyu uku da ke mulki tun samun 'yancin kai a 1957, UMNO ta Malayawa, MCA ta Sinawa, MIC ta Indiyawa, suka ci amma da ƙyar, sun rasa rinjayen kashi biyu bisa uku a majalisa. Jam'iyyun adawa DAP da Gerakan waɗanda yawancin magoya bayansu Sinawa ne suka fito murna kan tituna, aka bi ta unguwannin Malayawa ana ba'a da habaici. Ranar 13 ga wata matasan Malayawa suka taru zasuyi nasu gangamin na ramuwa, kafin magariba an fara sara da ƙone-ƙone. Gwamnati tace mutum 196 suka mutu, 143 daga ciki Sinawa, da yawa kuma har gobe basu yarda da wannan lissafin ba suna cewa abin ya fi haka nesa. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka rufe majalisa sai Fabrairun 1971, ƙasa ta koma hannun wata majalisar gudanarwa ƙarƙashin Tun Abdul Razak, shi kuma firaminista Tunku Abdul Rahman da ya karɓo 'yanci ya sauka a 1970, Razak ya gajeshi.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Ba ba'ar kwana biyu ce zata sa maƙwabci ya ɗauki adda ba. Bature ya tafi ya bar ƙasa a kasafce, kowace ƙabila da sana'arta: Malayawa na ƙauye suna noman shinkafa da su, Sinawa na birni da shaguna da ma'adinai, Indiyawa, yawanci Tamil, na gandun roba suna tatsar ƙaro. A 1970 kusan rabin gidajen da ke yankin yammacin ƙasar, inda KL take, kashi 49 cikin ɗari, talakawa ne kuma mafi yawansu Malayawa. A hannun jarin kamfanoni kuwa Malayawa kashi 2.4 kacal suke dashi, su da suka fi kowa yawa a ƙasar. Abin da ya bani mamaki, kuma ba kasafai ake faɗarsa ba, sama da kashi 60 na jarin nan ba ma na Sinawa bane, na baƙi ne, kamfanonin Ingila galibi. Amma manomi baya ganin mai hannun jari da ke zaune a Landan, mai shagon da ke bashi bashin taki yake gani, shi kuma Basine ne. Talaucin da ya zo da kamannin ƙabila shi ne mai haɗarin, don ɗan siyasa baya buƙatar dogon bayani, nuni kawai zaiyi.

Nan Razak ya fito da abin da suke kira NEP, sabon tsarin tattalin arziki, a 1971, na shekara 20. Manufa biyu: a kawar da talauci ba tare da duba ƙabila ba, sannan a sake fasalin al'umma ta yadda ba za'a ji sana'ar mutum a gane ƙabilarsa ba. Suka sa lamba ƙarara, nan da 1990 Bumiputera, wato Malayawa da sauran 'yan asalin ƙasa na Sabah da Sarawak, su mallaki kashi 30 na jarin kamfanoni, sauran 'yan ƙasa 40, baƙi 30. Kuma sharaɗin da ni a ganina shi ya ceci tsarin gaba ɗaya: ba za'a ƙwace na wani a ba wani ba, daga ƙarin da tattalin arziki zai samu za'a riƙa yin rabon. Sun kuma yi sa'a ya ƙaru ɗin, ga man fetur, ga manja, ga masana'antun kayan lantarki a Penang. In da arzikin tsayawa yayi cak ina tabbatar muku da labarin ba haka zai kasance ba.

Wata rana muka je Shah Alam Malam ya nuna min jami'ar UiTM, gari guda ce wallahi, ga rassa a duk jihohi, kuma ɗalibanta 'yan ƙasa Bumiputera kawai take ɗauka. Daga irin waɗannan makarantu da tallafin karatu na hukumar MARA aka samu likitoci da injiniyoyi da akantoci 'ya'yan manoman shinkafa. Wani abokin karatunsa Bamalaye da muka haɗu dashi a masallaci ya buɗe waya ya nuna min asusunsa na ASB, wani jarin haɗaka ne da kamfanin gwamnati PNB ke gudanarwa, an kafa kamfanin a 1978, shi ke sayen hannun jari a manyan bankuna da gandaye sai talaka ya zuba ringgit goma ko ɗari ya riƙa samun riba duk shekara. Yace mahaifiyarsa ce ta buɗe masa tun yana yaro. Dabarar ta burgeni gaskiya, don da farko in aka ba mutum hannun jari kai tsaye washegari yake sayarwa ya ci kuɗin, shi ya sa suka koma riƙe masa a amana. Zuwa 1990 talauci ya sauko wajen kashi 17, jarin Bumiputera ya kai wajen kashi 19, basu kai 30 ɗin ba amma daga 2.4 ai tafiya tayi tafiya.

Ɗaya ɓangaren labarin a motar Grab na jishi, wato tasi da ake kira ta waya. Direban dattijo ne ɗan Tamil, ga ɗigon ja a goshi, ga ɗan gunki manne a gaban mota, muna hanyar Brickfields unguwar Indiyawa cikin cunkoso, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Da ya gane baƙo ne ni sai baki ya buɗe. Yace a gandun roba aka haifeshi, uwarsa da ubansa tun asuba suke fita da wuƙa da fitila a goshi, da aka sayar da gandun aka yanka filaye sai aka ce kowa ya kama gabansa, ba gida ba fili ba takardar makaranta. "Bos," yace min, "ni talaka ne ɗan talaka, amma in zan sayi gida cikakken kuɗi zan biya, mai Marsandi kuma a yi masa ragi saboda shi Bumi ne." Ragin nan gaskiya ne, a sababbin rukunin gidaje ana ware wa Bumiputera kaso kuma ana rage musu farashi, ya danganta da jiha, kuma ba'a tambayar nawa kake samu. 'Yarsa yace ta ci jarrabawa da kyau amma kwas ɗin da take so bai samu ba, ya ci bashi ya kaita kwaleji mai zaman kanta. A hukumance an soke kason ƙabila na shiga jami'a tun 2002, sai dai makarantun share fagen shiga jami'a na gwamnati kashi 90 na gurabensu na Bumiputera ne, kunga an rufe ƙofa an bar taga.

Indiyawan nan su ne suka faɗa tsakiya, basu da jarin Sinawa basu da gatan Malayawa. A Maris 2001 anyi rikici a Kampung Medan, wata unguwar marasa galihu a Petaling Jaya, tsakanin Malayawa da Indiyawa, mutum shida suka mutu, kuma ku lura talaka ne da talaka. A Nuwamba 2007 dubban Indiyawa suka cika titunan KL a zanga-zangar Hindraf, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan Hindu, aka tarwatsasu da barkonon tsohuwa da ruwan zafi.

Sannan ga harkar Ali Baba, haka suke kiranta da bakinsu. Ali Bamalaye shi ke karɓo lasin ko kwangilar gwamnati saboda shi doka ta ba, Baba Basine shi ke da kuɗi da injina shi zaiyi aikin, Ali ya karɓi kasonsa ya koma gida ya kwanta. A takarda an samu ɗan kasuwa Bumiputera, a zahiri an samu ɗan kamasho. Kuma wa ke samun lasin ɗin? Wanda ya san wani a jam'iyya mana. Shi kansa Mahathir Mohamad da ya fi kowa kare tsarin, ya yi shekara 22 yana firaminista a zangonsa na farko, ya sha fitowa yana kuka da 'yan uwansa kan sayar da kwangila da lasin. Masunci a Kelantan ko ɗan ƙauye a Sabah, jihar da tafi kowacce talauci, ko Orang Asli da ke cikin daji waɗanda sun riga kowa zama a ƙasar, abin da ya iso musu kaɗan ne in ka gwada da na 'yan birni masu hanya.

Muka yi musu sosai da Malam a kan wannan, a wani shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, muna shan teh tarik, shayinsu na madara, har dare ya raba. Ni ina cewa abu na shekara 20 ya shekara sama da 50, ana ta canza masa suna kawai, wannan kamar maganin da likita ya rubuta na wata uku ne mutum ya mayar dashi abincin kullum. Shi kuma yace in duba maƙwabta tukunna. Lokacin da kuɗin ƙasashen yankin suka karye a 1997 zuwa 1998, a Indunusiya a watan Mayun 1998 aka far wa Sinawa a Jakarta da Solo, aka ƙone shaguna akayi fyaɗe, mutane sama da dubu suka mutu a tarzomar. A Maleshiya ringgit ma ya faɗi, siyasa ta yi zafi har aka kori mataimakin firaminista na lokacin Anwar Ibrahim aka ɗaure, amma ba wanda ya je ƙona shagon Basine, saboda Bamalayen da zai ƙona shima yanzu yana da gida da mota da asusun jari da zai yi asara. Gaskiya wannan hujjar tana da nauyi, ban iya tureta ba.

Ya kawo Siri Lanka kuma, inda akayi irin wannan gyaran amma ya ƙare a yaƙi. Can ma masu rinjaye, Sinhala, suna ganin Tamil sun fisu boko da aikin gwamnati, sai akayi dokar yare ɗaya a 1956, aka zo aka ɗaga wa 'yan Tamil makin shiga jami'a a farkon shekarun 1970, aka toshe musu aikin gwamnati alhali shi ne hanyar cin abincinsu, kuma ba su da ta cewa a mulki. Daga 1983 har 2009 ana zubar da jini. Bambancin, inji Malam, a Maleshiya an bar wa Sinawa kasuwarsu, an bar musu makarantun firamare na yarensu da gwamnati ke tallafawa, jam'iyyarsu na cikin gwamnati da ministoci. Masana irin su Frances Stewart ta jami'ar Oxford sun daɗe suna nuna haka, cewa wuta tafi saurin kamawa in ƙabila ɗaya ta rasa aljihu ta kuma rasa kujera a lokaci guda, don a lokacin ne manyanta da talakawanta ke haɗuwa a fushi ɗaya.

Abin da ban so ba shi ne shirun. A 1971 aka gyara kundin tsarin mulki ya zama laifi ka tuhumi sashe na 153 mai maganar matsayin musamman na Malayawa, ko da a cikin majalisa kake. A Sungai Buloh, bayan gari kusa da tsohon asibitin kutare, akwai kaburburan mutum wajen ɗari da aka binne bayan rikicin, yawancin 'yan KL basu ma san da wajen ba. Ranar 13 ga Mayu ta zama abin tsoratarwa, in zaɓe ya zo wani ya tuna wa mutane, amma zama a tattauna me ya faru babu. A ƙarshen 2018 da sabuwar gwamnati ta so sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana wariyar launin fata, dole ta janye, kuma duk da ta janye ɗin dubun dubatar mutane suka cika dandalin Merdeka.

Da kwas ya ƙare na hau bas daga tashar TBS zuwa Johor Bahru. Hanya sumul, hagu da dama bishiyar manja ce layi-layi har iya ganinka, sai ka gaji da kallo. Wasu gandayen na FELDA ne, hukumar da aka kafa tun 1956 tana kwaso marasa fili daga ƙauyuka ta sare daji ta ba kowane magidanci wajen eka 10 da gida, ya riƙa biya a hankali daga amfanin gona, iyalai sama da dubu ɗari suka samu. In ka tambayeni wannan da makaranta su ne suka yi aikin gaske, fiye da duk wani rabon hannun jari na manya.

A gadar da ta haɗa Johor da Singafo, tsawonta kilomita ɗaya da ɗan ɗori, na ga babura da ban taɓa ganin yawansu ba, tun duhun asuba, dubbai, kowa da hular kwano suna jiran a duba fasfo. 'Yan Maleshiya ne masu zuwa aiki su dawo da dare, a lokacin dalar Singafo ɗaya ta haura ringgit uku. Waɗannan masu dawowa kenan. Bankin Duniya a 2011 ya ƙiyasta 'yan Maleshiya wajen miliyan ɗaya ke zaune a waje, fiye da rabi a Singafo, kuma mafi yawansu Sinawa, da yawa masu digiri. Ƙasa ta raini yaro ta koyar dashi, maƙwabciya ta ɗauke.

Singafo ita tata dabarar daban. Suma sun ga nasu, ranar 21 ga Yuli 1964 rikici ya ɓarke ana tsakiyar jerin gwanon Mauludi, ya sake tashi a Satumba, mutum 36 suka mutu, shekara na zagayowa aka rabasu da Maleshiya a Agustan 1965. Anan Sinawa ne masu rinjaye, wajen kashi 74, Malayawa 13 da wani abu, Indiyawa 9. Su basu yi rabon jari ba, wajen kwana suka kama. Kusan kashi 80 na mutanen ƙasar a benayen gwamnati na hukumar gidaje HDB suke zaune, kuma tun 1989 kowane bene yana da iyaka: Sinawa kar su wuce kashi 87, Malayawa 25, Indiyawa da sauransu 15 a yanzu. Manufar kar a samu unguwar da za'a ce ta su wane ce. A zaɓe ma tun 1988 akwai mazaɓun da jam'iyya ke tsayar da 'yan takara a ƙungiyance kuma dole ɗaya ya fito daga marasa rinjaye, kodayake 'yan adawa na cewa jam'iyya mai mulki tafi kowa cin moriyar tsarin.

Na sauka wajen wani iyali Malayawa a Tampines ta hanyar Malam. Hawa na tara, doguwar baranda, ƙofa ɗaya da jan kyalle da turaren tsinke na Sinawa, ta kusa da ita an zana fure da garin shinkafa a ƙasa, ta gaba kuma Bismillah a saman ƙofa da takalma jere. Ƙasan benen fili ne a buɗe ba ɗakuna, ranar da na iso ana bikin auren Malayawa a wajen da ganguna, maigidan yace satin da ya wuce zaman makokin wani tsoho Basine akayi a daidai wurin, kujerun roba ma kusan iri ɗaya.

Amma da muka zauna cin abinci uwargidan, wadda nake kira Anti kamar yadda yaran wajen ke yi, ta bani nata ƙorafin. Ƙanwarta ta so sayar da gidanta a wani bene da kason Sinawa ya riga ya cika, kenan ba zata iya sayar wa Basine ba sai Bamalaye ko Ba'indiye, masu saye suka yi kaɗan, gida ya daɗe a kasuwa, ƙarshe ta karya farashi ƙasa da abin da maƙwabcinta ya sayar da nasa iri ɗaya sak. Wato dokar da akayi don kare marasa rinjaye su take fara cizo a aljihu. Sai a 2022 hukumar gidajen ta yarda zata riƙa sayen irin waɗannan gidaje da kanta in mutum ya cika wasu sharuɗɗa. Na tambayeta to a soke dokar mana? Ta girgiza kai tace a'a, in aka soke shekara goma tayi yawa kowa zai koma cikin danginsa, ita dai a riƙa biyan wanda yayi asara. Mijin ya ɗauko waya ya nuna min shafin hukumar, kana sa lambar bene da ƙabilarka zai gaya maka ko kana iya saye a watan nan ko a'a, duk farkon wata ake sabuntawa. Muka gwada benensu, ya nuna gurbin Malayawa a cike yake.